Jitar Miliyan Biyu da Rabi: Wa Ya Yi Maka Kuɗinta?

Tambayar wannan makon daga Sakkwato ta zo, daga wani mai shagon kayan sauti na gwanjo a babbar kasuwa, inda yake sayar da lasifika da amfilifaya da makirfo. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Malam, ɗan yayata ya kawo mini wata tsohuwar jita mai lantarki daga Birnin Ƙonni. Ya ce ta wani makaɗi ce da ya rasu, magadansa ke son sayarwa. An rubuta Fender Stratocaster a kanta, ya kuma ce ƙirar shekarun 1970 ce. An sake mata fenti, an canza wasu kayan cikinta. Suna neman naira miliyan biyu da rabi. Yaron ya nuna mini irinta a waya ana neman dala dubu ashirin. Har na ba da kafin alƙalami dubu ɗari biyar. Nawa ya kamata in taya, nawa kuma zan sa mata in na tashi sayarwa?"

Alhaji, kafin mu je ga farashi, dubi inda duk labarin nan ya fito. Wanda ya ce maka jitar ta shekarun 1970 ce, ɗan yayarka ne. Wanda ya ce mai ita ya rasu, shi ne. Wanda ya nemo hoton dala dubu ashirin ya sa maka a gaba, shi ne. Shi ya karɓi dubu ɗari biyar ɗinka, kuma idan ciniki ya faɗa shi zai ci la'ada. Mutum ɗaya ka mayar dillali, ka mayar da shi mai ƙiyasta kuɗin kaya, ka kuma mayar da shi shaida. Kuskurenka ke nan, sauran duk rassa ne. Ban ce yaron macuci ba ne. Mai yiwuwa shi ma ya yarda da abin da yake faɗa ɗari bisa ɗari, kuma wannan ya fi haɗari, domin mai gaskata kansa ya fi maƙaryaci iya shawo kan mutum. Amma kai da ba ka sayen amfilifaya sai ka jona ta da wuta ka ji ƙararta, yaya aka yi ka zare rabin miliyan a kan maganar baki don kawai mai maganar jininka ne?

Hoton da ya nuna maka ma, na tabbata ba irin jitarka ba ce. A Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender, kamfanin Amurka da ke ƙera jitar Stratocaster, kuma masu tara tsofaffin jitoci sun raba kasuwar gida biyu a daidai wannan shekarar. Stratocaster da aka ƙera tsakanin 1954, lokacin da ta fara fitowa, zuwa farkon 1965, ita ce mai dala dubu ashirin, talatin, har sama. Ta shekarun 1970 an ƙera ta da yawa, ba a kuma ɗauke ta da wannan darajar ba. Wadda take yadda ta fito daga masana'anta, ba a taɓa mata komai ba, tana yawo ne a wajen dala dubu biyu da rabi zuwa huɗu, gwargwadon shekara da launi. Sannan abin da ake rubutawa a intanet kuɗin nema ne. Kowa na iya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama. Shafuka irin su Reverb da eBay suna nuna nawa aka sayar da kaya a zahiri, nan ya kamata a duba.

Yanzu ga abin da gyara ke yi wa irin wannan kaya, wanda ya saɓa wa duk abin da ka saba da shi a shagonka. A wajenka, lasifikar da aka goge aka sake wa riga ta fi kuɗi. A kasuwar tsofaffin jitoci, sabon fenti hasara ne. Masu saye suna biyan kuɗin asali ne: fentin kamfani ko da ya koɗe ya ɓantare, wayoyin kamfani, har dalmar da aka liƙa wayoyin da ita. Abin da dillalan wannan harka suka saba yi shi ne su zabge kusan rabin kuɗi da zarar an sake fenti. Sai kuma maganaɗisun nan uku da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar sauti, waɗanda makaɗa ke kira fikof. In an musanya su, an sake rage wani kaso mai kauri. In har sai da aka fafe katakon jikin don babban fikof ya samu wurin zama, wannan ba ya gyaruwa, katakon da aka fafe ya tafi ke nan. Canjin kunnuwan ɗaure tsirkiya yana da sauƙi idan ba a huda sababbin ramuka ba. Sake ƙarafan da ke jere a wuya kuwa gyara ne na dole ga jitar da ta sha kiɗa, ba ya rage kuɗi sosai in aikin ya yi kyau.

Mu yi lissafi a gurguje, mu ɗauka ta gaskiya ce, mu kuma ɗauki dala a naira 1,500 don sauƙi. Fara da dala dubu uku. Fenti ya mayar da ita dubu ɗaya da ɗari biyar. Canjin fikof da sauran tarkace ya sauko da ita wajen dubu ɗaya. Naira miliyan ɗaya da rabi ke nan, kuma wannan kuɗin da mai saye a Amurka zai biya ne, wanda ke da damar mayar da kaya in bai gamsu ba. Kai ba a can kake ba. Cire kuɗin aikawa, cire kason shafin da za a sayar, cire ribarka da watannin da kuɗinka zai kwanta. Ni dai ba zan wuce dubu ɗari takwas zuwa miliyan ɗaya ba, shi ma sai bayan an tabbatar. In ta tashi jabu, jita ce ta dubu ɗari ko ɗari da hamsin, wato kafin alƙalaminka kaɗai ya ninka kuɗinta fiye da sau uku.

Kuma jabu tana da yawa a kasuwa. Sunan da ke kan jitar sitika ce, ana sayar da ita da arha, kowa na iya liƙawa. Na san wani mai shago a Kano da ya ajiye wata jita a bayan kanta yana jiran Bature, yana korar duk makaɗin da ya taya. Ranar da aka samu mai gyara ya kwance wuyanta, sai ga jikin falle-falle ne na filawud, an lulluɓe da fenti mai kauri. Ƙaninsa ne ya kawo masa ita, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Hasarar kuɗin ya daɗe da mayarwa, zumuncin ne bai dawo ba.

Don haka a kwance jitar nan a gabanka. Ba a cinikin biri a sama. Nemo mai gyaran jita wanda bai san yaronka ba, bai kuma san magada ba. Tambayi makaɗan coci-cocin da ke sayen kaya a wajenka, sun san wanda ke yi musu gyara. Biya shi kuɗin aikinsa daga aljihunka, ka gaya masa tun farko cewa ko ka saya ko ka fasa kuɗinsa ɗaya ne. Stratocaster ta tsakanin 1971 zuwa wajen 1981 tana da faffaɗan kai, kuma sukurori uku ne ke riƙe wuyanta da jiki maimakon huɗu. Lambar kamfani tana kan farantin ƙarfen bayan wuya har zuwa 1976, daga nan ta koma kan kai, yawanci da harafin S a gaba. Amma kada wannan ya ishe ka, domin Fender ta sake ƙera irin wannan fasalin daga baya a Japan da Meziko, su ma na gaske ne, sai dai kuɗinsu bai kai ba. A cire wuyan a duba gindinsa, nan ake samun hatimi ko kwanan wata na masana'anta. A ɗaga farantin gaba a juya mamurɗan ƙara sauti. A bayansu akwai lamba. In ta fara da 137, ta kamfanin CTS ce mai ƙera mamurɗan, lambobi biyu na gaba shekara ne, biyun ƙarshe mako. In ka ga 1377420, mako na 20 ke nan a 1974. Dubi dalmar: tsohuwa ta dusashe ta yi toka-toka, sabuwa tana ƙyalli, ita za ta gaya maka inda hannu ya shiga. Ɗauki hoton kowane abu, ka rubuta a littafi abin da yake na asali da abin da aka canza. Tambayi magada ko tsofaffin fikof ɗin suna nan a wani akwati, domin in suna nan kuɗi ya ƙaru.

Maganar magada ma, ka gan su da idonka? Illela ba nisa, Ƙonni kuma tsallaken iyaka ce. Kayan gado ne aka ce, to duk masu haƙƙi sun amince da sayarwa? Dubu ɗari biyar ɗin nan, akwai takarda? Akwai shaidu? An yi sharaɗin za a mayar maka in kayan bai zama yadda aka siffanta ba? Ina zargin amsar duka a'a ce, saboda kunya ta hana ka neman rubutu a wajen ɗan yayarka. Allah da kansa ya umarce mu da rubuta bashi a Suratul Baƙara, bai kuma ware dangi ba.

Abin da ke ba ni haushi a irin wannan tambaya shi ne mafarkin da ke bayanta. Mun ga lokacin da mutane suka riƙa bin gida-gida suna sayen tsofaffin kekunan ɗinki da dutsen guga na gawayi, wai akwai wani sinadari a ciki da Turawa ke saye da miliyoyi. Wani abokin cinikina ya kwashe jarin shagonsa na atamfa ya zuba a ciki, ya ƙare da ɗaki cike da ƙarfe, mai sayen da aka yi masa alkawari bai taɓa zuwa ba. Kai ma ba ka gaya mini wa zai sayi jitar ba. A Sakkwato wa zai ƙirga maka miliyan biyu a kanta? Makaɗin coci ko na biki sauti yake saye, kuma da wannan kuɗin zai samu sabuwa dal a Alaba ta Legas har da amfilifaya. Makaɗan Agadas da Yamai sun san jita sarai, sun fi ka sanin kuɗinta, ba za ka burge su da suna ba. Mai tara tsofaffi a Turai kuwa ba ya son wadda aka taɓa, kuma ba zai aiko wa baƙo kuɗi ba tare da hujja ba.

Kada ka ƙara ko kwabo. Kira yaron gaban mahaifiyarsa ko wani babba a gida, ka faɗa masa cikin mutunci cewa za a duba kayan, kuma ka tambaye shi nawa aka yi masa alkawari a cinikin. A rubuta dubu ɗari biyar ɗin yau, a sa hannu. In jitar ta tabbata ta gaske, fara tayi daga dubu ɗari bakwai, ka tsaya a miliyan ɗaya, in sun ƙi su dawo maka da kuɗinka. In ka saya, kada ka sake mata fenti, kada ka goge komai, ka ajiye ta cikin akwati nesa da rana da bushewar hunturu don kada wuya ya lanƙwashe, ka nemi ribar kashi ashirin zuwa talatin cikin ɗari daga makaɗi na farko da ya zo da kuɗi a hannu.