Amsar tambayarki kan buɗe waƙa da rufe ta

Assalamu alaikum amaryata. Saƙonki ya iso tare da baitoci shidan da kika rubuta, na kuma sa tabarau na karanta su har sau uku. Kin ce ƙawarki ta gaya miki waƙar ba ta cika ba tunda ba ki buɗe ta da sunan Allah da salati ba, ba ki kuma saka sunanki a ƙarshe ba, shi ne kike tambaya ko dole ne. To, ba dole ba ne, amma ki san dalilin abin kafin ki ɗauka ko ki bari.

Rubutacciyar waƙa a hannun malamai ta girma. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da ƙanensa Abdullahi, da 'yarsa Nana Asma'u, duk sun riƙi waƙa a matsayin hanyar karantarwa. Malami kuwa ba ya fara littafi sai da basmala da salati, don haka waƙarsa ma ta bi sahu. Rufewar ita ce ta fi burge ni. A wancan lokacin, da hannu ake kwafar waƙa, sannan ta bi bakin almajirai daga gari zuwa gari. Sunan da aka rubuta a saman takarda yana iya ɓacewa, amma wanda aka saƙa cikin baiti yana tafiya duk inda waƙar ta tafi. Shi ya sa za ki ji marubuci ya faɗi sunansa, wani har ya ƙidaya baitocin, don kada a yi masa ƙari ko ragi.

Sai ramzi, wato ɓoye shekarar da aka yi waƙar a cikin baƙaƙe. Kowane baƙin Larabci yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har sama. A lissafin Magariba da malamanmu suka bi, shin 1000 ne, ra kuma 200. Sai marubuci ya harhaɗa baƙaƙe su zama kalma, idan aka tara adadinsu shekarar Hijira ta fito. Shi ya sa ramzin waƙoƙin zamanin jihadi, na shekarun 1200 da wani abu, yake yawan zuwa da shin da ra. Ke da wayarki ke buga kwanan wata da kanta, ramzi ado ne a wurinki. In kin koya, madalla.

Mawaƙan ƙarni na 20 irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu sun kai waƙa fagen siyasa da gyaran hali da al'amuran zamani, al'adar kuma ba ta mutu ba, sai dai ta yi sassauci. Wani ya taƙaita addu'ar a baiti ɗaya, wani ya faɗa cikin zancensa kai tsaye. Ni dai in waƙar mai tsawo ce kuma mai nauyi, ina son in ji an nemi taimakon Allah a farko. Amma baiti shida kan kewar mahaifiyarki, in kika ba buɗewa biyu, rufewa biyu, me ya rage wa baiwar Allah?

Abin da ya dame ni a waƙarki daban ne, ƙawar taki ma ba ta gan shi ba. Baiti na uku yana ɗingishi. Rera shi da ƙarfi ki ji: a ɗango na biyu, wato layi na biyu na baitin, sai kin ja wata kalma ta yi tsawon da ba nata ba kafin ki kai ƙarshe. Wannan shi ne karyewar kari. Karin waƙa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, mai nauyi da marar nauyi, rubutun boko kuwa ba ya nuna tsawon wasali. Gadon kwanciya da gadon da magada ke rabawa rubutunsu ɗaya, amma na biyun "ga" ɗinsa doguwa ce. Ido ba zai gaya miki wannan ba, sai kunne. Masana za su lissafa miki Kamil da Basiɗ da Mutaƙarab da sauran ma'aunan da Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8. Kada ki fara da haddar sunayensu. Nemi waƙar da kike so, ki yi ta rera ta har raujinta ya zauna miki a kai, sannan ki zuba naki kalmomin a kansa. Ni ma da haka na fara, sunayen daga baya na sani.

Ki tsaya a ƙwar biyu tukuna, wato ɗango biyu a kowane baiti. Ƙwar biyar tana da kyau, amma tana neman amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen ɗangogi, iri biyu, na ciki da na waje, sabon shiga kuwa nan yake fara cusa kalmar da ba ta da aiki don kawai ta ƙare da "wa". Na ga kin yi haka a baiti na biyar, kada ki ce ban lura ba. In amsa-amo ya ƙi, sake ginin ɗangon gaba ɗaya.

Idan hannunki ya faɗa, gwada tahamisi: ki ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ki ɗora naki uku a samansa, kari ɗaya, ma'ana ba ta kauce ba. Yana da wuya, amma yana horar da kunne.

Gyara na uku da na biyar, ki turo mini da muryarki maimakon rubutu. Idanun angon naki sun fara gajiya. Ki gaida mahaifinki.