Kan Sarkin Tuvalu Mai Hoton Jirgin Ƙasa: Na Gaske Ne Ko Jabu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu mun tarar da wani kundi cike da kan sarki na ƙasashe daban-daban. A ciki akwai wasu masu hoton jiragen ƙasa da motoci, an rubuta "Tuvalu" a jikinsu, wasu kuma har da "Nukufetau" ko "Vaitupu". Ban taɓa jin wannan ƙasa ba. Na gaske ne? Kuma za su yi kuɗi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Na gaske ne, ɗan'uwa, sai dai kar ka sa rai da kuɗi.

Tuvalu 'yar ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Tekun Pasifik, tsibirai tara da faɗinsu duka bai wuce murabba'in kilomita 26 ba, mutanenta kuma wajen dubu goma sha ɗaya. Zamanin Turawan Ingila ana kiran tsibiran Ellice, an haɗa su mulki ɗaya da tsibiran Gilbert. Kan sarkinsu na farko ya fito a 1911, shi ma aro ne: na Fiji aka ɗauko mai hoton Sarki Edward na Bakwai aka buga sunan tsibiran a kai. Kan Sarkin Ingila ɗin nan da ake bugawa shi ya sa mu ma muke kiran abin da wannan suna. A 1974 mutanen Ellice suka kaɗa ƙuri'ar rabuwa da Gilbert, ranar 1 ga Janairun 1976 kan sarki mai sunan Tuvalu ya fara aiki, suka kuma sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1978.

To, ƙasar da ba ta da ma'adinai, ba ta da ƙasar noma ta kirki, sai kifi da kwakwa, da me za ta riƙe kanta? A shekarun farko kan sarki na cikin manyan hanyoyinta na samun kuɗin waje. Cinikin akwai daɗi. Mai tara kan sarki a Landan zai biya cikakken farashi, ya adana a kundi, gidan waya ya ci kuɗin ba tare da ya kai wasiƙar kowa ko'ina ba.

Daɗin ne ya jawo zari. A tsakiyar shekarun 1980 wani kamfani a Ingila ya karɓi kwangilar bugawa, ya fito da jerin da ake kira "Leaders of the World". Nan naka suka fito. Aka buga ɗaruruwa, har da na musamman da sunan tsibirai takwas ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ka ga Nukufetau da Vaitupu. Tsibirin da mutanensa ba su kai dubu biyu ba, wasiƙa nawa za su rubuta a shekara? Abin dariyar ma, babu ko taku ɗaya na layin dogo a Tuvalu. An zaɓi jiragen ne don Turawa masu sha'awarsu su saya. Da kaya ya cika kasuwa sai farashi ya faɗi, masu tarawa da yawa suka juya wa ƙasar baya, har kundin farashi na Stanley Gibbons, shahararren kamfanin cinikin kan sarki na Ingila, ya tura na tsibiran can ƙarshen littafi. Ni a ganina kamfanin ya fi ƙasar laifi, amma gwamnati ce ta sa hannu.

Ka sake duba kundin da kyau. Idan ka ga kan sarki da hatimi tsaf a kusurwa, ka juya bayansa ka tarar gam ɗinsa na nan, to bai taɓa hawa ambulan ba, an buga masa hatimin ne don sayarwa da araha. Abin da masana ke nema shi ne ambulan da ya yi tafiya da gaske, da hatimin Funafuti, babban birnin ƙasar, ko na wani ƙaramin tsibiri, musamman na zamanin Gilbert da Ellice ko na farkon 1976, lokacin da ake buga "TUVALU" a kan tsofaffin kan sarki. Irin waɗannan kaɗan ne, don wasiƙun ƙananan tsibiran sai jirgin ruwa ya zo ake kwashe su.

In ka dace da irinsa, kar ka ɓamɓare kan sarkin, kar ka jiƙa shi, darajar tana tare da ambulan ɗin gaba ɗaya. Sauran kuma ka nisanta su da laima lokacin damina, don gam na narkewa su manne da juna, ka riƙa ɗaukarsu da ɗan hantsaki maimakon yatsa.