Ina karatu har dare, amma a ɗakin jarrabawa komai ya gudu

Tambaya: Dakta, ina aji biyu a sashen nazarin halayyar ɗan Adam. Nakan karanta babi sau uku, in ja layi da biro mai kala, amma da na zauna jarrabawa sai kaina ya kulle. Wani gwaji a intanet ya ce ni mai koyo da gani ce, in rage karatun rubutu. Ko ƙwaƙwalwata ce ke da matsala?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, ƙwaƙwalwarki lafiya ƙalau. Amma wannan gwajin, yi watsi da shi tun yau. Ba ranar da ɗalibi ba zai zo min da zancen nan ba, wai shi na gani ne, wancan na ji ne, har da masu biyan kuɗi a gaya musu "salonsu". A 2008 masanin halayyar ɗan Adam Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi binciken da aka yi a kan batun, ba su sami gamsasshiyar hujjar cewa daidaita koyarwa da salon ɗalibi na ƙara masa fahimta ba. Abin da ke ci min rai, ke da kike ɗaukar darasin hanyoyin bincike, ke ya kamata ki fara tambaya: wa ya auna, da wane rukuni aka kwatanta? Ɗaliba ta karɓi laƙabin, sai ta ajiye littafi, ta daina sauraron lacca, in ta faɗi ta ce malami bai zana hoto ba. Gobe ta zama mai ba da shawara a makaranta, ta liƙa wa yaran mutane irinsa. Wannan amana ce, ki ji tsoron Allah a kanta.

Matsalarki maimaita karatu ce. Ido ya saba da shafi, sai ki zaci kin iya. A 2006 masu bincike Roediger da Karpicke sun kwatanta ɗalibai masu maimaita karatu da masu tuno abin da suka karanta da ka: bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, bayan mako guda waɗanda suka yi ta ƙoƙarin tunowa suka wuce su.

To rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta, misali, matakai 4 na haɓakar tunanin yaro da masani Piaget ya zayyana, da ka, sannan ki buɗe ki ga inda kika yi giɓi. Ki sake bayan kwana biyu, ki ƙara bayan mako. Tun 1885 Ebbinghaus, mai binciken ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko.

Bayan kowane gwajin tunowa kuma, ki rubuta a littafi na daban abin da ya kuɓuce miki, dalilinsa, da abin da za ki sauya a mako mai zuwa.