Tambaya da Amsa: Ta ina ake fara raya tsohuwar tsakiyar gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a manyan birane sai kaga tsakiyar gari da rana ba masaka tsinke, amma da an tashi daga aiki an rufe shaguna da ofisoshi sai wajen ya koma kamar kufai, ko wucewa mutum tsoro yake ji. Wai akwai inda aka taɓa gyara irin wannan kuwa? Gidajen kallo da wuraren cin abinci ake fara ginawa ko yaya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. An gyara kam a wurare da dama, sai dai ni a ganina masu kwana a wajen ake fara nema kafin wuraren shaƙatawa. Ɗan kallo ya zo ne ya tafi, amma wanda gidansa ke nan shi zai fito sayen abu ƙarfe goman dare, fitilar tagarsa na kunne, idonsa na kan layi, toh mai shago ma sai ya ga dalilin daɗewa bai rufe ba.

Birnin Los Anjeles na Amurka haka suka yi a 1999, suka kafa doka ta ba da damar mayar da tsofaffin benayen ofis da suka zama kango gidajen zama, aka sauƙaƙa takardun izini kuma ba a tilasta masu ginin ƙara wajen fakin ba, wanda da shine ke sa kuɗin aikin ya fi ƙarfinsu. A shekarar ne kuma aka buɗe filin wasa na Staples Center, kaga masu zama da masu zuwa kallo sun zo tare, dubban gidaje suka fito daga gine-ginen da da ba kowa.

Sai maganar mota. Kofenhagen ta Denmak ta hana motoci bin titin Strøget tun 1962, 'yan kasuwa suka yi ta kukan ciniki zai mutu, bai mutu ba. A Seul ta Koriya ta Kudu ma gadar sama guda suka rushe a 2003, suka tono rafin da aka binne a ƙarƙashinta, zuwa 2005 mutane na yawo a bakin ruwa.

Abin da ke damuna wallahi shine tsofaffin mazauna. Da waje ya yi kyau haya sai ta yi tashin gwauron zabi, an gani a Niyok bayan 2009 da aka mayar da tsohon layin dogo na sama wurin shan iska, High Line, gidajen gefensa suka yi tsadar da talaka sai dai kallo. Mutumin da ya jure zama lokacin da wajen ke lalace shi ake fara kora, gaskiya wannan ba adalci bane. Tun kafin a sa bulo ɗaya ya kamata hukuma ta rubuta wa masu gini sharaɗin ware gidaje masu sauƙin haya, a kuma tsayar da lokacin kashe kiɗa, tunda yanzu saman gidan rawar akwai mai jariri da zai yi barci.