Tambayoyinku kan salula da kwamfuta: hoton da ke sumar da na'ura

Wata baiwar Allah daga unguwar Ali Dan Sofo ta ce salularta kullum kukan cika take yi, ko hoto ɗaya ba ta iya ɗauka.

Hajiya, gaisuwar Juma'a ta shekara uku da bidiyon bikin da ba a gayyace ki ba su suka cinye wurin. Shiga wurin ajiya na WhatsApp, ki share manya-manyan, sannan ki kashe saukar da hotuna kai tsaye.

Wani mai shagon wankin hoto kusa da babbar kasuwar Maradi ya rubuto cewa an kawo masa hoto a kile, wato 'yar ma'ajiyar USB, bai kai mega ɗaya ba, amma yana buɗe shi kwamfutar ta sandare, fanka na ta huci. Ya kashe ya kunna, ya koma wurin, ta sake sandarewa. Yaron shagonsa ya ce a goge komai a zuba sabo.

Malam, ka riƙe hannun yaron nan tukuna, kada aikin mutane na wata guda ya tafi a banza. Kwamfutarka lafiyarta lau, lodi aka yi mata wanda ya fi ƙarfinta.

Hoto a ajiye kamar damin auduga ne da aka danne aka ɗaure tamau. Sai an kwance igiya ake sanin girmansa. Manhajar da ke nuna hoto dole ta baje shi gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma kowane ɗigo cikin ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoton yakan ci wurin bayit 4. Hoto mai ɗigo 50,000 a tsaye da 50,000 a kwance, in launi ɗaya ne, yana matsuwa ya koma ƙasa da mega ɗaya, amma in an baje shi giga 10 yake nema. Ina kwamfutar shago za ta samo wannan? Masana tsaro suna kiran irin wannan rauni da hana aiki: ba a sace maka komai ba, an dai tsayar maka da sana'a, kwastoma na tsaye a bakin ƙofa. Wani lokacin ma ba mugunta ba ce, fayil ne ya lalace, manhajar ta shiga zagaye ta kasa fita.

Dalilin da ya sa kwamfutar take maimaita sandarewa kuwa, Windows na ƙoƙarin nuna ƙaramin hoton tun kafin ka taɓa shi. Mayar da jakar ta riƙa nuna sunaye kawai, ka duba tsawo da faɗin hoton, ka goge shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka ɗauki hoto a matsayin abin da ba ya cutarwa. A 2020 wani hoton tafki da duwatsu da aka ɗauka a Amurka ya bazu a intanet. Masu Android 10 da dama, har da masu Samsung da Pixel, da suka sa shi a fuskar salula, sai ta shiga mutuwa tana tashi, wasu sai da suka goge komai. Lissafin launi ne ya haura 255, wato iyakar da manhajar ke iya ɗauka, a ɗigo guda. A Satumbar 2023 kuma aka gano ɓaraka a manhajar karanta wani nau'in hoto da ake kira WebP, wadda ta fi wannan muni, har Chrome da Firefox suka fitar da gyara cikin gaggawa. Gyaran kyauta ne. Amma na sha karɓar kwamfuta a garin nan in tarar an rufe sabuntawa shekara biyu, wai ana tattalin mega. Wallahi abin yana ba ni takaici, don kuɗin megan bai kai asarar wuni guda na shago ba.

Ni dai a wurina, duk kile na baƙo a tsohuwar kwamfuta daban nake fara sa shi. Ka yi haka, ka sabunta manhajojinka duk ƙarshen wata.

Wani ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ce salularsa ta faɗa bokitin wanki, ya binne ta cikin shinkafa kwana biyu, yana tambaya ko ya sa caji.

Ƙanena, shinkafar nan da ka dafa ta da ta fi amfani. Kada ka sa caji. Kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ya goge cikin da alkol kafin tsatsa ta kama.