Tambayoyi da Amsoshi: Karɓe Linzami Daga Hannun Waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Kullum da dare sai in ce minti goma kawai zan yi a TikTok, ban ankara ba sai in ji ana kiran assalatu, waya na hannuna. Na sha goge manhajar ina sake sauke ta. Karatu ya fara taɓarɓarewa, Asuba ma tana kuɓuce mini. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tun da har abin ya dame ka ka yi tambaya, ka kama hanya. Amma ka san da wa kake kokawa. Waɗannan manhajoji an ƙera su ne don kada ka ajiye su, domin da lokacinka kamfanonin ke samun kuɗin talla. A da, shafin intanet yana da ƙarshe, sai ka danna kafin ka shiga na gaba, kuma a wannan 'yar tsayawar mutum ke tuna cewa dare ya yi. A 2006 wani injiniya ɗan Amurka, Aza Raskin, ya fito da tsarin da za ka yi ta jan shafi ba ya ƙarewa. Shi da kansa daga baya ya fito ya nuna nadama. Ga kuma abin da masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya gano tun da daɗewa a gwajinsa da tattabaru: ladar da ba a san lokacin zuwanta ba ta fi kama zuciya. Bidiyo biyar ba daɗi, na shida ya sa ka dariya, sai yatsa ya ci gaba da neman irinsa.

Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya dogara da ƙarfin zuciya da ƙarfe ɗayan dare, lokacin da jiki ya gaji. Da rana, hankalinka kwance, za ka yi shirin da zai tsare ka da dare.

Shiga Settings na wayarka ka nemi Digital Wellbeing, wato sashen da ke lissafa lokacin da kake yi a waya. Google ya fito da shi a 2018, kuma yana cikin mafi yawan wayoyin Android na yanzu, har da Tecno da Infinix da Samsung. Ka fara duba awa nawa ka yi jiya da kuma sau nawa ka buɗe wayar. Mutane da dama a nan jikinsu ke yin sanyi. Daga nan ka sa wa TikTok iyaka, misali minti 40 a rana. In lokacin ya cika, alamar manhajar za ta dusashe, ba za ta buɗu ba sai tsakar dare ya wuce. Ka kunna Bedtime mode ma, ka zaɓi ya mayar da fuskar waya fari da baƙi daga ƙarfe goma. Bidiyon da ba kala ba ya jan ido sosai.

Sai dai gaskiya ɗaya: a Android kai ka sa iyakar, kai kuma za ka iya cire ta cikin daƙiƙa kaɗan. Masu iPhone sun fi samun sauƙi, domin Screen Time, wato irin wannan tsarin a wayarsu, yana karɓar lambar sirri, sai ka ba abokin da ka yarda da shi ya sa lambar, kada ya gaya maka. Don haka abin da na fi yarda da shi bai da alaƙa da Settings. Kada waya ta kwana kusa da shimfiɗarka. Ka sa ta caji a can nesa, inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kai gare ta, ko ka kulle ta a akwati. In don tashin Asuba kake ajiye ta a gefen matashi, nemi ƙaramar waya mai maɓallai ta riƙa tashin ka. Sannan ka daina sayen garaɓasar datar dare. Arha ce, ba musu, amma da barcinka kake cika kuɗin.

Tambaya: Malam, na ji ana cewa kwana 21 ya isa mutum ya bar mummunar ɗabi'a. Na yi mako uku ban taɓa wasan waya ba, jiya na koma. Ke nan wahalar banza na yi? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: Malama, ba wahalar banza kika yi ba. Zancen kwana 21 ya yaɗu ne kawai a bakin mutane. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL da ke Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa matsakaicin lokacin da sabuwar ɗabi'a ke ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne. Wasu sun samu cikin kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne an ga kuskuren rana ɗaya bai rushe tafiyar ba. Abin gudu shi ne ki ce tun da na faɗi jiya, bari in ƙarasa makon.

Ki duba lokacin da kika koma. Me kike yi, a wane hali kike? Galibi kaɗaici ne, ko ɓacin rai, ko zaman jiran wani abu. Ki tanadi abin da hannunki zai kama a daidai wannan lokacin, ko karatun Alƙur'ani ne, ko saƙa, ko kiran 'yar'uwa ku gaisa. In aka cire ɗabi'a aka bar gurbinta a buɗe, ita ce ke dawowa. Idan kuma wasan ya kai ga hana ki barci da ayyukan gida na tsawon watanni, ki ga likita ba tare da jin kunya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin kwamfuta da waya cikin jerin cututtuka tun 2019.

Tambaya: Ina son toshe shafukan batsa a wayata, amma ba na son sauke wata manhaja. Zai yiwu? A sakaya sunana.

Amsa: Zai yiwu, Allah ya dafa maka. In wayarka Android 9 ce ko sama da haka, shiga Settings ka rubuta Private DNS a wurin bincike. Zaɓi inda ake rubuta suna da hannu, ka sa family.cloudflare-dns.com sannan ka adana. Wannan kyauta ne daga kamfanin Cloudflare, kuma yana aiki ko da data kake ko da Wi-Fi. Yana tare shafukan batsa da masu ɗauke da cutar kwamfuta tun kafin su buɗe. Amma ba ya ganin abin da ke yawo a cikin Telegram ko X ko gurup-gurup na WhatsApp, waɗannan sai ka fita daga cikinsu da hannunka. In kana da manhajar VPN a wayar, wato irin wadda ake buɗe shafukan da aka toshe da ita, goge ta, domin tana iya zagaye wannan shingen.