Karenmu Yana Tsoron Mahaifina Tun da Ya Fara Dogara Sanda

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Muna da karen gadi a gida, shekararsa uku, kuma tun yana ɗan kwikwiyo yake hannunmu. Watanni kaɗan da suka wuce mahaifina ya kamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki, ya yi jinya a asibiti, ya dawo gida yana dogara sanda yana jan ƙafar hagu. Tun daga lokacin, karen da a da yake kaɗa masa wutsiya, da zarar ya hango shi sai ya ja da baya, ya maƙale wutsiya, ya kama haushi da gurnani. Haka kuma yake yi wa wani maƙwabcinmu da shan-inna ta taɓa tun yana yaro, mai hawa keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Ƙannena sun dake shi ya fi a ƙirga, amma abin sai gaba yake yi, har wasu na cewa wani abu yake gani a jikin Baba. Mene ne abin yi?

Daga mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara. Abin da ka bayyana, wato ja da baya da maƙale wutsiya tsakanin ƙafafu kafin a kai ga haushi, alamun tsoro ne, kuma babu wani abin ɓoye da karen yake gani a jikin mahaifinka. Ina roƙon a daina wannan magana a gidan, domin dattijon da yake fama da raunin jiki, yana ƙoƙarin sake koyon tafiya, bai cancanci a ƙara masa da zargi irin wannan ba.

Kare yakan gane mutum daga nesa ta surarsa da yanayin takunsa. Baba ya bar gida yana tafiya yadda aka saba, ya dawo jiki a karkace, ƙafa tana gogar ƙasa, ga ƙarar sanda tana dukan daɓe, saboda haka a wurin karen tamkar wani baƙo ne ya shigo da muryar maigida. Ita kanta sandar babban dalili ce, domin a garuruwanmu da wuya kare ya ga sanda a hannun mutum ba tare da duka ya biyo baya ba. Game da maƙwabcinku kuwa, mai zama a keke fuskarsa tana kusa da idon kare, hannayensa suna juyawa a sama, sarƙa tana ƙara, kuma duk wannan sabon abu ne ga dabbar da ba ta saba da shi ba. Lokacin da ɗan kwikwiyo ya fi saurin sabawa da abubuwa shi ne daga mako 3 zuwa kamar mako 12 da haihuwa, kuma abin da bai gamu da shi a wannan tsakani ba yakan yi ɗari-ɗari da shi idan ya girma. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta daji, wato ainihin nau'in cutar na asali, daga Afirka, amma waɗanda cutar ta riga ta nakasa suna nan tare da mu a kowace unguwa, kuma haƙƙinsu ne su bi hanya ba tare da karen wani ya firgita su ba.

Kafin a yi maganar horo, a fara tsare lafiyar Baba. Mai shanyewar ɓarin jiki ko ba a cije shi ba, kare ya zaburo masa kawai zai iya kayar da shi, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin al'amari ba ne. Duk lokacin da zai fito alwala, ko motsa jiki, ko zuwa masallaci, a rufe karen a ɗakin kare tukuna. Kada a ɗaure shi a bakin zaure ko wata ƙuntatacciyar hanya da dole Baba ya bi, domin karen da yake a tsorace kuma sarƙa ta hana shi gudu, cizo ne kaɗai ya rage masa. A duba kuma ko an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake farawa yana da wata 3 sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Idan har tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a kuma tafi asibiti a ranar.

Duka kuwa a daina shi baki ɗaya, kuma wannan ne abin da na fi so ka fahimtar da ƙannenka. Duk lokacin da Baba ya fito aka daki karen, darasin da yake ɗauka shi ne fitowar mai sanda tana jawo masa azaba, kamar yaron da ya sha allura yake fashewa da kuka da zarar ya hango farar riga. Akwai ma haɗarin da ya fi wannan. Gurnani gargaɗi ne, idan aka yi ta hukunta shi a kansa zai iya dainawa alhali tsoron yana nan, sai wata rana ya kai cizo ba tare da ya nuna wata alama ba.

Hanyar gyara ita ce a sauya abin da karen yake tsammani idan ya ga sanda ko keke, kuma ana yin haka ne da tazara da abinci. A samo abin da yake matuƙar so wanda ba ya samu kullum, kamar dafaffen nama ko hanta, a yayyanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Kada a yi amfani da tsire ko kilishi, saboda albasa da tafarnuwa suna cutar da kare. A fara da sandar ita kaɗai, a kwantar da ita a tsakar gida, a watsa naman nesa da ita, a bar shi ya matso da kansa. Idan ya saba da ita a kwance sai a jingine ta a bango, daga nan kai, ko wanda karen ya fi yarda da shi a gidan, ya riƙe ta yana tafiya a hankali, daga baya ya riƙa kwaikwayon jan ƙafa kaɗan-kaɗan, wani kuma yana riƙe da igiyar karen yana ba shi naman.

Sai wannan ya zauna sannan a shigo da Baba, idan ya amince, kuma a fara yana zaune a kujera daga nesa. Ma'aunin tazarar da ta dace shi ne karen ya ga Baba amma ya iya cin abinci cikin natsuwa. In ya ƙi ci, ko ya sandare yana kallo, ko ya kwantar da kunnuwa, ko ya yi ta lasar baki da hamma, to an matso da yawa, sai a koma baya. Akwai wani ɗan tsari da mutane da yawa suke kuskurewa: karen ya fara ganin Baba tukuna, sannan nama ya biyo baya nan take, kuma da zarar Baba ya shige ɗaki a daina bayarwa. Da haka ne zai haɗa ganin dattijon da samun alheri. Minti biyar zuwa goma, sau biyu a rana, ya wadatar, ana rage tazarar da taku ɗaya ko biyu sai an ga jikinsa ya saki. Bayan zama sai tsayuwa, bayan tsayuwa sai tafiya, kuma duk lokacin da aka shiga sabon mataki a sake ƙara nisa. Ba a buƙatar Baba ya taɓa karen ko ya miƙa masa abinci da hannu, ni ma ban ba da shawarar haka ba, domin kwaɗayi yakan jawo kare kusa fiye da yadda zuciyarsa za ta ɗauka, sai ya farga ya firgita. Abin da ake so daga Baba shi ne kada ya ƙura masa ido, kada kuma ya ɗaga sandar.

Shi kuma maƙwabcinku, ka je ka same shi ka ba shi haƙuri, ka shaida masa matakin da kuka ɗauka. Idan ya ga dama ya riƙa wucewa ta nesa a lokacin da kuka shirya, karen yana ɗaure da igiya a hannun babban mutum, madalla, amma ba dole ba ne a kansa, kuma kada a nemi aron kekensa kamar wani kayan wasa, domin shi ne ƙafafunsa. Za a iya fara sabar da karen da baro ko keke na yau da kullum kafin a kai ga wannan.

Irin wannan aiki yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma ranar da aka samu koma-baya ba ta nufin an yi asara. Tun da a Zariya kake, ka kai karen Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a duba shi, saboda ciwon kunne, ko na gaɓoɓi, ko raunin gani suna sa kare saurin firgita, kuma likita zai iya haɗa masa da maganin rage fargaba ko ya nuna muku yadda ake sabar da shi da takunkumin baki. Idan kuwa aka bi duk wannan amma yana ci gaba da zaburo wa Baba, ko aka ga dattijon ya fara takura yana ƙin fitowa tsakar gidansa saboda kare, shawarata ita ce a mayar da karen gona ko gidan wani ɗan'uwa da zai kula da shi, a kuma faɗa wa wanda zai karɓe shi gaskiyar halinsa.